GAHAWA A GWANTU: A SAN MAI SAYE KAFIN A SARE KURMI

A wannan mako zan ɗan jingine maganar 'yan siyasa da muka saba, in kai ku ƙauye, domin akwai wata gardama da na baro tsakanin wani dattijo da ɗansa, wadda na tabbata ba gidansu kaɗai ta shafa ba.

A cikin watan da ya shige ne hidimar biki ta kai ni Gwantu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, can kudancin Jihar Kaduna, a kan hanyar da ta taso daga Akwanga ta nufi Jos. Wani abokina da muka yi makaranta tare shi ya aurar da ƙanwarsa. Da almuru, bayan jama'a sun watse, muka zauna a teburin mai shayi kusa da tasha, ni da abokin nawa da ƙanensa, wani saurayi wanda ya gama karatu, ya yi hidimar ƙasa, sa'an nan da aikin ofis ya ƙi samuwa ya komo gida ya rungumi fartanya. Mai shayi ya yaga 'yar ledar garin gahawa, watau abin da yaran zamani ke kira kofi, ya zuba mini a ruwan zafi. Sai saurayin nan ya ɗauki ledar ya ɗaga ta sama, ya ce mini, “Yaya, ka ga wannan? Nan da shekara huɗu daga gonata za a riƙa yin sa.”

Da na nemi ƙarin bayani, sai ya ce wai wasu mutane ne suka zo daga Abuja da dashen gahawa na sayarwa, suka yi alkawarin cewa duk abin da aka noma su za su saye. Babu takarda, babu shaida, sai lambar waya. Shi kuwa har ya ƙudura zai sare kurmin gidansu da ke bakin rafi ya dasa ta a wurin, tun da ƙasar kurmi baƙa ce mai taushi. Mahaifinsu ya ce bai yarda ba. Yau wata biyu ke nan ana ja-in-ja, har magana ta soma yin tsami.

Kashegari da safe na shiga gaida tsohon. Bayan mun gaisa, na ce, “Baba, na ji an ce ka hana yaro noman gahawa.” Ya yi murmushi, ya ce, “Ɗana, ban hana shi ba. Tambaya na yi masa ya kasa amsawa. Na ce in ta nuna wa zai saya, a kan nawa, kuma in tawa ta fi ta maƙwabcina kyau, wa zai biya ni bambancin? Ran da ya kawo mini amsa, ni zan fara haƙa masa rami.”

To, jama'a, tun da na dawo nake juya tambayar nan ta dattijo, kuma iyakar abin da na sani game da cinikin gahawa a duniya bai wuce ta ba.

ABIN DA YA JA HANKALIN YARO

Bai kamata a zargi saurayin nan da haɗama ba. Wanda ya san halin da manoman kudancin Kaduna suka shiga zai gane abin da ya sa idonsa ya rufe. Tun wajen 1927, shekarar da layin dogo ya mai da Kafanchan mararraba, ake noman citta don sayarwa a ƙasashen Kwoi da Kachiya da Kagarko da kewayen Kafanchan. Da kuɗin citta aka gina gidajen kwano, da su aka biya kuɗin makarantar yara da yawa waɗanda yau su ne manyan ma'aikata. Nijeriya ta shiga sahun manyan masu noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga wannan yanki take fitowa. Sai ga shi a daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonaki, ganye ya yi rawaya ya bushe, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa. Gwamnatin Tarayya da kanta ta ƙiyasta hasarar da manoma suka yi a kan Naira miliyan dubu 12. Mutane da yawa ko irin da za su sake shukawa ba su tsira da shi ba, kuma saurayin namu yana cikinsu, da bashi a kansa.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa gahawa ta yi tsadar da ba ta taɓa yi ba. Wannan kuwa gaskiya ne. Fari ya taɓa Barazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman gahawa, ya kuma taɓa Biyetnam da ke bi mata, har a watan Fabrairu na 2025 laba ɗaya ta gahawar Arabika ta haura dala 4 a kasuwar Niyu Yok. Wanda citta ta kayar, ya ji wannan labari, ai dole zuciyarsa ta raya masa abubuwa.

Amma fa itacen gahawa ba gero ba ne da za a shuka bana a girbe bana. Sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya, kuma sai ya ƙara wasu shekarun kafin ya kai ƙarfinsa. Saboda haka wanda ya dasa don farashin yau, da farashin wata rana wadda bai sani ba zai sayar. An sha ganin haka. A watan Yuli na 1975 jaura ta ƙone gonakin Barazil, farashi ya yi tashin gwauron zabo zuwa 1977, manoma a ƙasashe da dama suka dasa babu ji babu gani. A watan Yuli na 1989 yarjejeniyar da ke ƙayyade yawan abin da kowace ƙasa za ta fitar ta wargaje, farashi ya faɗi warwas. Zuwa 2001 laba ɗaya ba ta kai rabin dala ba, har manoma a wurare da yawa suka bar 'ya'yan suna zuba a ƙasa, domin kuɗin tsinka ya fi kuɗin sayarwa.

WACE IRI, A WACE ƘASA?

Gahawa ba baƙuwa ba ce a nahiyarmu. Asalinta daga dazuzzukan Habasha ne, daga nan ta ƙetara Yaman inda aka shahara da shanta tun ƙarni na 15, sunan ma da muke kiranta da shi daga Larabci muka aro. Mutanen Barno da waɗanda suka zauna a Sudan ko Makka sun san ta sarai, kuma har yau a Sudan da citta ake dafa ta. Watau dai citta da gahawa sun daɗe da sanin juna a cikin buta, ko da ba su haɗu a gona ba.

Iri biyu ne suka cika kasuwar duniya. Akwai Arabika mai ƙanshi da tsada, wadda ba ta son zafi, sai tuddai masu sanyi waɗanda tsayinsu ya kai mita 1,000 zuwa 2,000. Akwai kuma Robusta mai ɗaci da ƙarfi, wadda ta fi jure zafi da cuta, tana yi a kwari, amma tana son ruwan sama mai yawa da laima, ba ta son dogon rani. Da ita aka fi yin garin da mai shayi ke zuba mana.

A ƙasar nan wurin Arabika shi ne tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500, sai kuma tuddan Jos masu kimanin mita 1,200. A can Mambila, a Kusuku, Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya mai hedkwata a Ibadan tana da reshe, kuma ita ce gwamnati ta ɗora wa alhakin binciken gahawa da ganyen shayi tare da koko. Gwantu kuwa a gindin tuddan Jos take, duk wanda ya gangaro daga sama ya san yadda iska ke sauyawa zafi ya tare shi. Gaskiya ne tana samun ruwan sama fiye da Zariya ko Kano nesa ba kusa ba, har kwakwar manja tana yi a kurminta. Amma tana da rani na watanni da hunturu mai busar da ganye. Ashe ke nan Arabika, wadda farashinta ya ruɗi saurayinmu, ba ta ƙasarsu ba ce. Robusta ce za a iya gwadawa, ita ma sai da inuwa da ban ruwa a shekarunta na fari. Na tambaye shi wace iri ce baƙin nan suka kawo. Ya ce ba su faɗa ba, shi ma bai tambaya ba.

INDA KYAU YAKE FITOWA

Masu sayen gahawa ta ƙwarai a Turai da Amurka da Japan suna da maɗanɗana, mutanen da aka horar don wannan aiki kaɗai. Sukan gasa 'yar kaɗan, su niƙa, su zuba ruwan zafi, su shinshina, su kurɓa, su ba ta maki bisa ɗari. Wadda ta sami 80 ko fiye ita ce ke shiga ajin musamman, inda farashi ke rabuwa da na gama-gari. Abin lura shi ne, duk abin da harshen maɗanɗani zai ji an riga an gama shi tun a gona da wurin shanya. Mai gasawa yana iya ɓata gahawa mai kyau, amma ba shi da dabarar gyara wadda ta lalace.

Ga yadda aikin yake. 'Ya'yan gahawa ba sa nuna gaba ɗaya. A reshe guda za a ga kore da rawaya da ja, kuma jan nan da ya nuna sosai shi kaɗai ake so. Dole mai tsinka ya zagaya itace ɗaya sau da yawa a kaka guda, yana zaɓa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kama reshe ya zage shi gaba ɗaya ya huta, amma ya haɗa ɗanye da nunanne, ɗacin ɗanyen kuwa sai ya fito a baki. Bayan an tsinko akan zuba su a ruwa a ranar, waɗanda suka taso sama a kwashe su daban, domin ko fanko ne ko ƙwaro ya huda su. Sa'an nan a shanya, ko da ɓawonsu ko bayan an ɓare an wanke, a bisa gado mai ƙafafu wanda aka shimfiɗa wa raga ko tabarma yadda iska za ta ratsa ta ƙasa. A riƙa juyawa, a rufe in hadari ya taso ko raɓa za ta sauka. Shanyar da ɓawo takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, har laimar da ke cikin ƙwaya ta sauko wajen kashi 11 ko 12 cikin ɗari. In ba ta bushe ba ta yi fumfuna, in an shanya ta a ƙasa ta ɗauki warin ƙasa, in an ajiye ta kusa da kananzir ko taki ko ma citta ta kwashi warinsu. Bayan duk wannan wahala, kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya shi ke ba da kilo ɗaya na ƙwaya.

To, a nan tambayar dattijo take shigowa. Manomin da ya zagaya itacensa sau biyar, ya kafa gadon shanya, ya kwana yana sauraron hadari, in ya kai kasuwa aka auna tasa da ta wanda ya zage reshe ya shanya a tsakar gida tare da kaji, aka biya su kuɗi ɗaya, shin baɗi zai sake wahalar da kansa? Ba zai sake ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Farashi ɗaya ga mai kyau da maras kyau shi ne babban abin da ke kashe kyawun amfanin gona, ya fi ƙwaro, ya fi fari.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Duk wanda ya bi hanyoyin kudancin Kaduna da rani ya ga citta a shanye a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kanta, awaki suna ratsawa. Cittar nan kuwa duniya ta san ta da yaji da yawan mai. Ba rashin sani ne ya sa manomi yake shanya ta haka ba. 'Yan baranda buhu suke saye, buhu kuwa buhu ne. Can gaba, a ɗakunan ajiya na Kano ko Legas, a nan ake tsincewa a ware ta ɗaya da ta biyu, a nan kuma ribar bambancin take tsayawa, ba ta komowa ƙauye.

Dattawa za su tuna da zamanin hukumomin ciniki. A 1977 gwamnati ta kafa hukuma ga kowane rukunin amfanin gona: citta ta faɗa hannun Hukumar Gyaɗa, gahawa da ganyen shayi kuma suka faɗa hannun Hukumar Koko. Ba zan wanke hukumomin nan ba, domin sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da abin da kayansa suka samo a waje. Amma a lokacinsu akwai ma'aikatan duba kaya, akwai daraja ta ɗaya da ta biyu, akwai farashin da ake sanarwa kafin kaka. A 1986, cikin shirin gyaran tattalin arziki, aka rushe su gaba ɗaya ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbin aikin dubawar ba. Da wannan da faɗuwar farashi ta 1989, manoman gahawa da yawa a Mambila suka yi watsi da gonakinsu, wasu suka sare itatuwan suka shuka abin da za su ci. In har ƙasar da Allah ya hore wa tsayi da sanyi ta kasa riƙe gahawa saboda rashin tsayayyen mai saye, ina ga Gwantu?

YADDA WASU SUKA YI

Akwai waɗanda suka sami amsar tambayar. A 1988 aka fito da wata alama mai suna Max Havelaar a ƙasar Holan, bisa roƙon ƙananan manoman gahawa na Meziko. Sharaɗinta shi ne mai saye ya yarda da wani farashi wanda ba za a sauka ƙasa da shi ba kome faɗuwar kasuwa, ya kuma ƙara wani abu a kai don ayyukan ƙungiyar manoma. Daga nan tsarin da ake kira Fairtrade ya samo tushe. A Habasha, wadda ta fi kowace ƙasar Afirka noman gahawa, ƙungiyoyin gama kai na manoman Oromiya sun haɗu a 1999 suka kafa tarayya guda wadda ke sayar wa ƙasashen waje kai tsaye.

Amma misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na Ruwanda. Ƙasar ta fito daga kisan ƙare dangi na 1994 a ragargaje, gahawarta kuwa ta gama-gari ce wadda ba a tambayar sunanta. Sai manoma a wurare irin su Maraba suka haɗa kai, aka gina musu wuraren wanki, watau inda kowa zai kawo jajayen 'ya'yansa a ranar da ya tsinko, a auna, a biya shi, sa'an nan ƙwararru su ɓare su wanke su shanya na kowa bai ɗaya. Wanda ya kawo ɗanye a mayar masa da abinsa. Cikin 'yan shekaru masu saye suka soma zuwa da ƙafarsu, har a 2008 Ruwanda ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka yi gasar Cup of Excellence, inda ake gwanjon gahawar da ta yi fice kuma sunan masu ita yana manne da buhu. Ba a kawo musu sabuwar ƙasa ko sabon ruwan sama ba. Abin da ya sauya shi ne an soma biyan bambanci, kuma mai saye yana komowa baɗi.

MAGANAR KURMI

Saura batun sare kurmi, wanda shi ya fi tayar wa dattijo hankali. A kan wannan ma gaskiyarsa ce, ta fuska uku.

Ta farko, gahawa 'yar inuwa ce, a ƙarƙashin manyan itatuwa Allah ya halicce ta. A wuri mai zafi da dogon rani kamar Gwantu, wanda ya sare inuwa ya dasa ta a fili ya kashe ta da hannunsa. Kurmin kuma shi ke riƙe rafin da za a yi ban ruwa da shi. Abin da ya dace shi ne a dasa ta a tsohuwar gona, a gauraya ta da ayaba wadda za ta ba ta inuwa da wuri ta kuma ba mai gona abin sayarwa kafin gahawa ta fara, tare da barin ɗorawa da atili da kwakwa a inda suke.

Ta biyu, kasuwa. A 2023 Tarayyar Turai, wadda ita ce babbar mai sayen gahawa a duniya, ta yi doka cewa ba za a shigar mata da gahawa ko koko ko manja ko roba ko waken soya ko katako ko naman shanu ba, in an same su daga filin da aka sare dajinsa bayan ranar 31 ga Disamba 2020. Dole kuma mai shigar da kaya ya nuna ainihin inda gonar take a taswira. An ɗage ranar fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya, amma wancan wa'adi na 2020 yana nan daram. Da hotunan tauraron ɗan Adam ake dubawa, ba da rantsuwar dillali ba. Ke nan in saurayinmu ya sare kurmi bana, ya sa gahawarsa cikin haɗarin rasa kasuwa mafi tsoka tun bai dasa ba.

Ta uku, cuta. Tsibirin Silon, wanda yau ake kira Siri Lanka, ya taɓa zama cikin manyan masu fitar da gahawa. An share tuddai an dasa iri ɗaya iyakar ganin ido. A 1869 cutar tsatsar ganye ta ɓulla, cikin shekara ashirin ta gama da gonakin, mutanen suka koma noman ganyen shayi. Cutar nan ta sake yin ɓarna a ƙasashen tsakiyar Amurka a 2012 da 2013. Mutanen da suka ga abin da ya sami citta a 2023 ba sa bukatar a yi musu dogon wa'azi a kan haɗarin dogara da abu guda. Kuma dashen da ba a san asalinsa ba, wanda aka sauko da shi daga bayan mota, da shi cuta ta fi saurin shiga gari.

SHAWARA

Ga manomi, shawarata ita ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A fara da itace hamsin ko ɗari a gefen gona, kada a taɓa filin doya da masara da shinkafa. A nemi dashe ta hannun malamin gona daga cibiyar binciken da aikinta ke nan, a san sunan irin. Mutum goma ko ashirin su haɗu su yi ƙungiyar gama kai tun yanzu, domin babu mai saye na kirki da zai taso daga Legas saboda buhu biyu. Duk wanda kuma ya zo da alkawarin saye, a yi masa tambayoyi huɗu a gaban mai unguwa: Wace iri ce wannan? Nawa ne farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba? Nawa za ka ƙara wa ta ɗaya a kan ta biyu, kuma wa zai yi alƙalancin darajar? Shekara nawa za ka ɗaure kanka da mu a rubuce? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayoyin nan ba. Wanda kuwa ribarsa a sayar da dashe take, daga tambaya ta biyu za a ga ya soma duban agogo.

Ga masu saye, musamman matasanmu da suka buɗe wuraren gasa gahawa da shanta a Jos da Abuja da Legas, waɗanda ke kukan ba sa samun ƙwaya mai kyau a gida, ina cewa zuwa da kai ya fi saƙo. Ku hau Mambila, ku shiga ƙauyukan Filato inda itatuwan suke tun tuni. Ku ba da rancen ragar shanya da sikeli, ku biya rabin kuɗi kafin kaka, ku dafa wa manomi gahawarsa ya kurɓa ya ji bambancin da kuke magana a kai, domin da yawansu ba su taɓa ɗanɗana abin da suke nomawa ba. Ku rubuta sunan ƙauyen a jikin ledarku. In shekara ta yi kyau ku saya, in ta ɓaci kada ku ɓace. Wanda ke son ƙwaya ta ƙwarai shekara goma masu zuwa, sai ya tabbata mai noma ta yana nan a raye da sana'arsa har lokacin.

Ga Gwamnatin Jihar Kaduna kuwa, Jami'ar Jihar tana da sashen koyar da aikin gona a Kafanchan. Babu abin da zai hana a keɓe 'yan filayen gwaji a Sanga da Jama'a da tuddan Kagoro, a dasa iri daban-daban, a auna, a faɗa wa jama'a gaskiyar abin da aka gani, ko da gaskiyar ita ce ba ta yi. Gara gwamnati ta yi hasarar fili ɗaya da a bar talakawa dubu su yi gwajin da kuɗin bashi. Kafin nan kuma, a dawo da duba kaya da rarraba daraja a kasuwannin citta, gama ita ce a hannu. In an kasa biyan bambanci a kan cittar da aka shekara kusan ɗari ana nomawa, ban ga yadda za a iya a kan gahawar da ba a dasa ba tukuna.

Ran da zan baro Gwantu, saurayin ya rako ni tasha. Na zayyana masa tambayoyin nan huɗu a bayan katin biki, na ce ya buga wa mutanensa waya. Shekaranjiya abokina ya aiko mini da saƙo cewa yaro ya buga, sun ce za su neme shi, har yanzu shiru. Ya ce amma tsohon ya nuna masa wata tsohuwar gona a gefen kurmin, mai ɗorawa uku da atili ɗaya, ya ce in an sami dashen da aka san asalinsa, ya yarda a gwada hamsin a nan. Kurmi dai yana nan, rafi yana gudu, uba da ɗa kuma sun koma cin tuwo a akushi ɗaya.

Allah ya ba manomanmu damina mai albarka, ya haɗa su da masu saye na gari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.